Bindigogin Saving Private Ryan: ina tarihi ya tsaya, ina aka ƙara gishiri?

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daren jiya na sake kallon Saving Private Ryan, fim ɗin Steven Spielberg na 1998, amma wannan karon mai fassarar Hausa na samu a wajen masu tura fim a waya. Wallahi raina ya ɓaci. Duk bindigar da ta bayyana, mai fassarar AK yake ce mata. Sojan Amurka ya ɗaga bindiga, AK. Bajamushe ya ɗaga tasa, AK. Alhali labarin a watan Yuni na 1944 aka gina shi, ita kuwa AK sai a 1949 rundunar Sobiyet ta fara aiki da ita. Ƙanena da muka kalla tare ya kwana da imanin cewa da AK aka yi Yaƙin Duniya na Biyu.

Shi ya sa na kawo tambayar gaban manya. Ana yawan cewa babu fim ɗin yaƙi da ya kai wannan kiyaye gaskiyar makamai. Haka abin yake, ko suna ne kawai ya bi shi?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Abu Sumayya, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A taƙaice, irin bindigogin da aka riƙe a fim ɗin daidai suke da wuri da lokaci. Yawancin sojojin Amurka suna riƙe da M1 Garand, wadda rundunarsu ta karɓa tun 1936. Harsashi 8 take ci, kuma da kanta take ɗana na gaba, kai dai ka yi ta jan kunama. Kyaftin Miller, wato Tom Hanks, Thompson M1A1 ce a hannunsa. Saje Horvath yana da M1 Carbine mai cin 15. Reiben yana ɗauke da BAR mai cin 20. Jackson, gwanin harbin nan mai yawan addu'a, Springfield M1903A4 ce tasa. Jamusawa kuma Kar98k ce bindigar gama-gari a wajensu, mai cin 5, wadda sai ka ja sakata bayan kowane harbi, sai MG42 mai jigida da ta yi ɓarna a bakin teku.

Har ƙananan abubuwa sun kula da su. Dubi Thompson ɗin Miller, maɗanarta a gefen dama take. Ta 'yan dabar Amurka da ake nunawa a tsofaffin finafinai, mai gidan harsashi kamar faifai, maɗanarta a sama take, wannan tsohon samfuri ne. Carbine ɗin Horvath kuma babu wajen maƙala banati a hancinta, kuma haka na 1944 suke. Finafinai da yawa sukan ɗauko waɗanda aka yi wa kwaskwarima daga baya su saka a Nomandi, yankin Faransa da labarin fim ɗin ya faru.

Ɗan Fagge:
Malam, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Riƙe bindiga daidai daban, abin da aka sa bindigar ta yi daban. Mutum ya harba harsashi ya shiga ta madubin saitin wani ya same shi a ido, kuma a ce wannan tarihi ne? Wannan ai da shi da finafinan da jarumi ke kashe mutum ɗari shi kaɗai duk kanwar ja ce.

Malamin Tarihi:
Ban ce babu kuskure ba, ƙanena. Irin makaman na fara da su. Za mu zo kan Jackson, domin a wajensa ne matsalar ta fi yawa.

Tsohon Samanja:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ban yi yaƙin Hitila ba, ba a ma haife ni ba, amma na yi shekaru ina kwana da bindiga ina tashi da ita. Abin da ya fara kama ni a fim ɗin nan ba surar bindigogi ba ne, sauti ne. A yawancin finafinai ƙarar fitar harsashi kawai za ka ji. Wanda aka taɓa harbi ya san akwai wata ƙara daban, ta wucewar harsashi kusa da kunne, kamar an tsula bulala a iska, sannan daga baya ka ji ƙarar bindigar daga nesa. A minti ashirin ɗin farkon nan na gaɓar Omaha, bakin tekun Nomandi da sojojin Amurka suka sauka, sun kawo wannan. Da kuma yadda harsashi ke ƙara in ya daki ƙarfe. Ranar da na fara kallo sai da na tashi na fita tsakar gida na sha iska.

Sai wajen da bam ya tashi kusa da kyaftin ɗin, kunnensa ya toshe, yana ganin bakin yaro yana motsi ba ya jin komai. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Haka yake faruwa.

Abu Sumayya:
Allah Ya ƙara lafiya, Baba. To ita MG42 fa? Ƙararta a fim ɗin kamar ana keta yadi, ba ka iya rarrabe harbi ɗaya da na biye. Da gaske haka take?

Tsohon Samanja:
Haka take. Tana zubar da harsashi kusan 1,200 a minti ɗaya, wato 20 a daƙiƙa. Kunnen mutum ba ya iya ƙirga wannan. Jikanyarta MG3 har yau ana aiki da ita a ƙasashe da dama, Pakistan da Turkiyya ma ƙera ta suke yi.

Amma ga abin da fim ba ya son nunawa. Bindiga mai jigida ba a danne kunamarta a yi ta tafiya. Bututun zai yi zafi har ya yi ja, in ka matsa ya lalace. Ana harbi ne guntu-guntu, sannan bayan 'yan ɗaruruwan harsasai a zare bututun a sa wani. MG42 an yi ta yadda za a buɗe gefe a zare shi cikin daƙiƙu kaɗan, da wani tsumma na musamman don kada hannu ya ƙone. Mu ma haka aka koya mana da tamu. A bakin tekun, sun nuna kamar wutar ba ta yankewa. Amma in ka lura, a wajen da suka kai hari kan ramin Jamusawa kusa da na'urar hango jirage, inda likitansu ya rasu, kyaftin ɗin a kan lokacin sauya bututu ya gina dabararsa. Ashe sun san abin, a Omaha ne suka zaɓi firgici.

Mai Kyamara:
Baba, ina neman afuwa, a nan zan ɗan kare su. Ni aikina ke nan, ɗaukar hoto da tacewa. A gaɓar Omaha ba bindiga ɗaya ce ke harbi ba, ramuka da yawa ne. In wannan yana sauya bututu, wancan yana harbi. Wanda ke kwance cikin yashi ba zai ji wuta ta yanke ba. Kyamarar kuma tare da na cikin yashin take, ba tare da Jamusawa ba.

Tsohon Samanja:
Ka yi gaskiya ɗana, na karɓa. Amma akwai inda aka koma bayan mai harbin ana kallo ta kafaɗarsa, can ma bai ɗaga yatsa ba sosai.

Ɗan Fagge:
To harsasan da ke bin mutane har cikin ruwa suna kashe su fa? Mutum ya nutse, harsashi ya ratsa ruwa da saurinsa kamar a iska.

Malamin Tarihi:
Wannan kam gishiri ne. Ruwa ya fi iska kauri sau ɗaruruwa. Harsashin babbar bindiga mai tsananin gudu in ya daki ruwa yakan tarwatse ko ya rasa ƙarfinsa cikin 'yar tazara. Masu shirin MythBusters na Amurka sun gwada a wurin ninƙaya, abin da suka samu ke nan. Wanda ke dab da saman ruwa zai iya samun rauni, amma wanda ya yi ƙasa sosai ruwan ya kare shi. Abin da ya kashe mutane da yawa a cikin ruwa ranar 6 ga Yuni shi ne nauyin kaya. An sauke wasu a inda ruwa ya fi ƙarfinsu, ga bindiga, ga harsasai, ga jaka, suka nutse. Fim ɗin ya nuna wannan ma, mutum yana kokawar kwance ɗamara a ƙarƙashin ruwa. Amurkawan da aka kashe ko aka raunata a Omaha kaɗai ranar sun haura 2,000.

Ɗan Maharba:
Ku ba ni dama in yi magana a kan Jackson, domin saiti gadonmu ne. Na taso ina ganin mahaifina yana gyara bindigarsa kafin fita farauta. Ko tsinin saiti ya ɗan goce da kaurin ƙwayar gero, a nesa sai ka kuskure barewa gaba ɗaya. Ba zai fita daji ba sai ya kafa ƙwarya a jikin kuka ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa.

To shi Jackson a garin nan da ake ruwan sama, bayan an harbi abokinsu Caparzo, sai ya cire ƙaramin madubin da ke kan bindigarsa ya ɗauko wani dogo ya ɗaura, ya murɗa nan ya murɗa can, harbi ɗaya ya sami mutum a ido daga nisan da shi da bakinsa ya ce ya kai yadi 450. Ba a yin haka. Duk madubin da ka cire ka ɗaura wani, sai ka harba ka ga inda harsashi ke sauka ka daidaita. Babu ƙwarewar da ke maye gurbin wannan. Wannan wajen ya fi ɓata min rai a duk fim ɗin, domin yana koya wa yara cewa saiti baiwa ce da ake haifar mutum da ita, alhali haƙuri ne da maimaici.

Malamin Tarihi:
Ɗan Maharba ya gama magana. In ƙara a kai, shi kansa dogon madubin ba na wajen ba ne. Unertl ne, mai kusanto da abu sau 8, kuma sojojin kundunbalar ruwan Amurka ne suka yi aiki da shi a yaƙinsu da Japan a tekun Fasifik, a kan wani samfurin Springfield ɗin daban. Sojojin ƙasa da suka shiga Faransa, M1903A4 ɗinsu ƙaramin madubi gare ta, wanda bai kai sau 3 ba. Maɗauran madubin biyu ma ba iri ɗaya ba ne, ba abin da za ka sauya a tsugune cikin taɓo ba ne.

Ɗan Fagge:
Ka ji ko! Ai abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Mai Kyamara:
Ɗan Fagge, kada ka yi saurin murna. Labarin harsashi ta cikin madubi ba Spielberg ya ƙago shi ba. Ana danganta irinsa ga Carlos Hathcock, wani shahararren maharbin Amurka a yaƙin Biyetnam. Shi ya ba da labarin cewa ya hango ƙyallin madubin abokin gaba ya harba wajen, da suka je suka tarar harsashin ta madubin ya bi.

Ɗan Maharba:
Yayana, ko da wancan ya faru, nisa ne abin dubawa. Harsashi ba a miƙe yake tafiya ba kamar zare. Yana fita yake fara faɗuwa, shi ya sa mai harbin nesa ke ɗaga hanci sama. A yadi 450 harsashin a karkace zai iso. Madubi kuwa bututu ne siriri mai gilasai jere a ciki. Sai ya shiga ta baki, ya fasa gilasan duka bai goce ba, ya fita ta ɗaya bakin. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, ikon Allah ya fi haka. Amma da madubin da ba a gwada ba, cikin ruwan sama, harbin farko? A'a.

Abu ɗaya da na yaba, Jackson bahago ne, bindigar kuma ta na-dama ce. Dubi yadda yake miƙa hannu ta saman bindiga yana jan sakata. Ƙanen babana bahago ne, haka yake fama da tasa. Wannan sun kama shi daidai.

Maman Hanif:
Salamu alaikum. Ni ban san sunayen bindigogi ba, amma ina bin muhawarar nan tun safe saboda kakana. Yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Boma. Ina ƙarama yakan zauna a zaure ya ɗauki sandarsa ya nuna mana yadda ake ja a tura a harba, hannunsa na yi da sauri kamar ba tsoho ba. Yakan ce tasu goma take ci. Da na kalli fim ɗin nan tare da maigidana na tambaye shi ko irin ta kakana ce a hannun Amurkawan, ya ce a'a. Wace iri ce tasu?

Tsohon Samanja:
Allah Ya jiƙan mazan jiya, 'yata. Lee-Enfield ce, bindigar Ingila, harsashi 10, mai sakata. Danginta ne 'yan sandanmu suka daɗe suna riƙewa, wadda ake kira Mak 4. Ba za ki gan ta a hannun Amurkawa a Omaha ba. Amma a ranar, can gefen gabas inda sojojin Ingila da Kanada suka sauka, ita ce a hannunsu. Wannan ja da turawa da kakanki ke nuna muku, an san ta da shi, sakatarta na da laushi da sauri.

Malamin Tarihi:
Hajiya, kakanki yana cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, su ne suka yi yaƙi da Japan a yankin Arakan da kwarin Kaladan, ko kuma cikin 'yan Najeriyar da aka haɗa da dakarun Chindit, wato runduna ta musamman ta Ingila a Boma, a 1944. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk daga can suka samo asali. Lokacin da ake sauka a Nomandi su suna can gabas, yaƙi ɗaya ne fage daban. Ina jin ciwon cewa yaranmu sun san Garand ta hanyar fim, ba su san abin da kakanninsu suka saɓa a kafaɗa ba.

Maman Hanif:
Na gode Baba, na gode Malam. Zan faɗa wa yarana yau.

Abu Sumayya:
Allah Ya jiƙansa, Anti. In dawo da mu kan Garand. Akwai wata ƙara da take yi in harsashi ya ƙare, kamar an jefar da cokali a siminti. Na karanta cewa Jamusawa kan saurari wannan ƙarar su taso wa mutum, sun san bindigarsa ta zama fanko.

Tsohon Samanja:
Ƙarar gaskiya ce. Harsasan takwas a cikin wani ɗan ƙarfe suke, da shi ake cusa su ta sama. In na ƙarshe ya fita sai bindigar ta tofar da ƙarfen, shi ne ƙarar. Fim ɗin ya kawo ta daidai. Amma zancen abokin gaba na saurare, ɗana, ka tambayi duk wanda ya taɓa shiga musayar wuta. Kunnenka na amsa kuwwa, igwa na tashi, mutane na ihu. Wa zai ji faɗuwar ɗan ƙarfe daga nisan taku hamsin? Ko ya ji, ai ba kai kaɗai ba ne, na kusa da kai tasa cike take. Kuma wanda ya saba, cikin daƙiƙu kaɗan ya cusa wasu takwas ɗin.

Reiben kuma da ya cire ƙafafun BAR ɗinsa, wannan halin soja ne sak. Bindigar ta doshi kilo 9. Duk abin da zai rage nauyi, soja mai tafiyar ƙasa zai cire shi ya jefar, ko da littafi ya hana.

Ɗan Fagge:
Baba, to yaƙin ƙarshe a gada fa? Suna buga gindin bam a ƙarfe suna jifa da hannu kamar gurneti. Wannan ma za a ce gaskiya ne?

Malamin Tarihi:
Abin mamaki, wannan da ya fi kama da ƙarya shi ne mai tushe. Bama-baman ƙaramar igwa ne, morta mai faɗin milimita 60. Charles Kelly ya yi haka a Altavilla ta Italiya a watan Satumba na 1943, Beauford Anderson ya yi a Okinawa a watan Afrilu na 1945. Dukansu biyu an ba su lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Inda aka kauce a wannan yaƙin shi ne tankoki. Garin Ramelle ƙirƙirarre ne, wannan ba laifi. Amma tankokin Tiger ba su fuskanci Amurkawa a yankin a waɗannan kwanaki ba, suna can wajen Caen suna fafatawa da sojojin Ingila, kamar abin da ya faru a Villers-Bocage ranar 13 ga Yuni. Kuma na fim ɗin ba Tiger ba ne, T-34 ce ta Rasha aka yi wa riga. Dubi ƙafafun, na Tiger na gaske shiga cikin juna suke yi. Sannan inda Miller ya cusa hancin Thompson ta tagar direba ya yi harbi, a Tiger ta gaske akwai gilashi mai kaurin gaske a wajen, harsashin Thompson irin na ƙaramar bindigar hannu ne, ba zai ratsa ba.

Mai Kyamara:
Malam, a yi musu adalci kan tankar. A 1997 da ake ɗaukar fim ɗin ina za su samo Tiger mai tafiya? Wadda aka fi sani tana tashi ita ce Tiger 131 da ke gidan tarihin Bovington a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, kuma ita ma a lokacin ba a gama gyaranta ba. Sai a fim ɗin Fury na 2014 aka samu aka yi aiki da ita. Ita kanta gaɓar Omaha ai a Ailan aka ɗauke ta, a Curracloe, da sojojin ƙasar a matsayin 'yan rakiya. Akwai kuskuren da rashin hali ke jawowa, akwai wanda aka zaɓa da gangan. Tankar na farkon ne. Madubin Jackson na biyun ne, don babu abin da ya hana su bar masa ƙaramin, sai dai dogon ya fi kyau a hoto.

Ɗan Fagge:
Wannan rabon na yarda da shi. Amma har yanzu ina kan bakana cewa yabon da ake yi masa ya yi yawa. Da aka tashi nuna gwanin harbi, sai da aka koma irin na kowa.

Abu Sumayya:
Na koma kan wajen hasumiyar majami'a, inda Jackson ke harbi a yaƙin ƙarshe, yanzun nan, na mayar da shi baya sau uku. Bindigar Jackson 5 take ci, amma na ƙirga harbinsa ya wuce haka ban ga ya ɗura ba.

Mai Kyamara:
Akwai yanka a tsakani, ƙanena. Kyamara takan bar shi ta sauka ƙasa wajen su Miller ta dawo. A ƙa'idar tacewa, abin da ba a nuna ba ana ɗauka ya faru.

Ɗan Maharba:
Da wata bindigar ce sai in yarda, Yaya. Kar98k ko Springfield marar madubi, biyar ɗin a jere suke a kan ɗan ƙarfe, ka ɗora ka danna da babban yatsa su shige lokaci guda. Amma ta Jackson madubin ya zauna daidai kan ƙofar da ake zuba su. Dole ɗaya bayan ɗaya zai riƙa cusawa, ta ƙarƙashin madubi, ga shi bahago, ga Jamusawa na gudu a ƙasa, ga igwa ana juyo da hancinta wajensa. Abu Sumayya, ka duba tsawon yankan da ke tsakanin harbi na biyar da na shida ka faɗa mana ko daƙiƙa nawa ne.